Zaman Bayan La'asar: Ɗaliban Likitanci da Darasin Falsafa a Wani Asibitin Karkara a Jigawa

Shekara shida ɗalibin likitanci yake yi a jami'a a Najeriya, kuma ba ya fita sai an tura shi karkara ya yi wasu makonni a ƙarƙashin sashen lafiyar al'umma. A can yake ganin rijiyar da mutane ke sha, ya auna yara, ya zauna a ɗakin awon ciki, ya bi gida-gida da takardar tambayoyi. Wannan nazari ya shafi rukuni guda na irin waɗannan ɗalibai, 'yan shekara ta biyar, maza da mata, da aka kawo wani ƙaramin asibiti a ƙasar Haɗeja ana tsakiyar damina. Likitan da ya rako su ya ƙara musu wani abu da babu shi a jadawalin makaranta: bayan sallar la'asar a haɗu a zauna, a ɗauko wata matsala ta ɗa'ar aikin likita, a yi ta jayayya a kanta. Ba allo, ba takardar lacca, ba maki. Darasin falsafa yake kiransa, bai kuwa ɓoye musu ba.

Ni aikina wayar da kan jama'a kan lafiya a yankin, ni ake haɗawa da baƙi in kai su wurin dagatai da masu unguwanni. Ta haka na samu zama a yawancin tattaunawar. Da za su tafi, malamin ya sa kowa ya rubuta ra'ayinsa a takarda ba suna, kuma da yardarsu ya bar ni na karanta. Daga nan abin da ke biye ya fito. Sunan garin da na mutanen duk na sakaya.

Abin da suka zo da shi

Ba baƙin darasin ba ne gaba ɗaya. A farkon shigarsu jami'a an yi musu kwas ɗin falsafa da mantiƙi da ake yi wa kowane ɗalibi, a babban ɗakin taro, mutum ɗari-ɗari, malami na magana ta lasifika, jarrabawa kuma zaɓi ɗaya cikin huɗu. Daga baya aka yi musu laccocin ɗa'ar likitanci. Duk sun haddace ginshiƙai huɗun da Tom Beauchamp da James Childress suka tsara a littafinsu na 1979: a mutunta zaɓin mara lafiya, a yi masa abin da zai amfane shi, a guji cutar da shi, a yi adalci tsakanin marasa lafiya. Sun san ƙa'idojin Nuremberg na 1947 kan yin gwajin likitanci a jikin mutane, da suka biyo bayan shari'ar likitocin Nazi, sun san Sanarwar Helsinki ta 1964 da ita ma a kan haka take. Ɗaya daga cikinsu ya kwatanta wannan ilimi nasu da haddar yaron da ya sauke bai ji tafsiri ba: baki ya iya, amma a tambaye shi me ayar take nema daga gare shi yau, sai ya sunkuyar da kai.

Malamin ya buɗe zaman farko da abin da ya zaci zai ɗaga musu hankali. A 1996, ana cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, cikin gwajin da ya haɗa da yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya bari yana cikin abubuwan da suka ba jita-jitar allurar shan inna ƙarfi, har Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, ba a ci gaba ba sai Yulin 2004.

Zaman bai yi armashi ba. Kowa ya ce ba a kyauta ba, kowa ya gyaɗa kai, aka tashi da sauran rana. Abin da duk aka yarda da shi ba a jayayya a kansa, kuma babu wanda ya ga hannunsa a ciki. Yawancinsu ma ba a haife su ba a lokacin.

Daren da aka kawo yarinyar

A mako na biyu aka kawo wata yarinya bayan isha'i, a amalanken shanu, daga wani ƙauye can cikin fadama. Cikin fari ne, naƙuda tun jiya da safe. Ungozomar asibitin ta duba ta ce kan ɗan bai sauko ba kuma ba zai sauko ba, sai an yi aiki. Asibitin ba shi da ɗakin tiyata, ba shi da jinin ƙarawa, iyakar abin da zai iya shi ne ya sa mata ruwa ya tura ta babban asibiti. Mijinta yana Fatakwal wurin nema, wayarsa ba ta shiga. Mahaifin mijin ne ya kawo ta, tare da uwarta.

Tsohon ya ce ba za a kai ta a yanka ba sai ɗansa ya ji. Jami'in da ke riƙe da asibitin ya ce masa, "Baba, ka dubi Allah, lokaci yana ƙurewa." Tsohon ya ce, "Likita, amana ya bar min. In an je an cire mata mahaifa, da wane baki zan gaya masa?" Uwar yarinyar tana tsugune tana hawaye, ba ta ce uffan ba, don ba a gidanta ake auren ba. Wata ɗaliba ta durƙusa bakin gadon ta tambayi yarinyar ko ta yarda a kai ta. Yarinyar ta juya fuska bango ta ce duk abin da Baba ya ce. Sai da aka taso limamin garin daga barci, ya ja tsohon gefe suka yi magana, sannan aka samu yarda, asuba ta kusa. Neman mota ya ci nasa lokacin, ruwa kuma ya datse gajeriyar hanya sai da aka yi zagaye. An ceci uwar. Ɗan bai zo da rai ba.

Masana lafiyar mata masu juna biyu suna magana kan jinkiri uku, yadda Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka tsara a 1994: jinkirin yanke shawarar neman asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko sun sami yarinyar nan sarai. Irin wannan doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, domin kan ɗan yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai masa, ya mutu, wurin ya huje. Saboda yawan haka ne ƙungiyar likitoci ta MSF take karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari a babban asibitin Jahun tun 2008. Duk wannan ɗaliban sun karanta shi a littafi. Abin da littafi bai nuna musu ba shi ne tsoho mai mutunci, wanda ba mugu ba, tsaye tsakanin mara lafiya da mota.

Washegari da la'asar malamin bai tambayi wa ke da laifi ba. Ya ce, da ta ce duk abin da Baba ya ce, ta zaɓa ko ba ta zaɓa ba?

Wanda ya fara magana ɗan birni ne, mai ƙoƙari, ya ce doka ta gama magana. A 2001 Kotun Ƙoli ta wanke wani likita, Okonkwo, wanda kotun ladabtar da likitoci ta hukunta saboda ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata mara lafiya ta yi bisa aƙidarta, kuma kotun ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke da ta-cewa a kan jikinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa ko da wane dalili. Suruki ba ya cikin lissafi. Da an sa ta a mota tun ƙarfe tara.

Wani da ya tashi a ƙauye ya ce masa hujjarsa ta juyo kansa. In zaɓin nata ne, ai ta yi: ta miƙa shi ga surukinta, kuma miƙawar ma zaɓi ne. Gidan nan za ta koma, tsohon nan ne zai sayar da tunkiya ya biya kuɗin mota da magani, likita kuwa mako huɗu zai yi ya tafi. Wanda zai zauna da sakamakon abu yana da haƙƙin a ji ta bakinsa.

Ɗalibar da ta yi tambayar daren jiya ta daɗe ba ta tanka ba. Da ta buɗe baki sai ta ce su biyun duk sun tsallake abu guda: a gaban wa aka tambaye ta? Babu amaryar da za ta ce "na yarda" surukinta yana tsaye yana cewa a'a, ko da ranta zai fita. Amsar da ta bayar ba ta nuna abin da take so ba, ta nuna wanda ke cikin ɗakin ne. Da an fitar da maza an bar ta da uwarta da ungozoma, da an ji wata magana, ko aƙalla da an san an tambaye ta da gaske.

Na huɗu ɗalibin zaure ne kafin ya zama ɗalibin likitanci. Ya kawo hadisin da ya hana cuta da cutarwa, ya ce kare rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya, kuma biyayyar aure ba ta kai ga a jira waya rai yana fita ba. Ya ce abin da liman ya gaya wa tsohon ke nan a gefe, kuma abin kunya ne a ce ɗaliban likitanci Musulmi sun cika ɗaki amma sai an taso liman kafin a sami mai faɗa. Ana cikin haka malamin ya jefo tambaya ta biyu: shekarar yarinyar nawa? Babu wanda ya sani tabbas, katin ma ƙiyasi aka rubuta. Mai maganar doka ya yi shiru, don duk gininsa a kan "baligi" yake tsaye. Kiran magariba ne ya tashe su.

Abin da suka ce game da salon

Waɗanda salon ya burge sun fi yawa a takardun, amma maganarsu kusan ɗaya ce, ba sai an daɗe a kanta ba: ba su san suna da ra'ayi ba sai da aka nemi su kare shi, kuma ginshiƙan nan huɗu da suka haddace ashe suna iya karo da juna a kan gado ɗaya. Wani ya rubuta cewa ranar ce ya fara ganin mai ra'ayin da ya saɓa da nasa ba jahili ba ne.

Ƙorafe-ƙorafen sun fi koya mini abu, kuma a ganina kuskure ne a ɗauke su a matsayin lalaci ko ƙin ci gaba.

Na farko jarrabawa. Babbar jarrabawa tana gabansu, zaman ba shi da maki, kuma awa biyun da aka ci a muhawara awa biyu ne da ba a karanta cututtukan yara ba. Wannan lissafi ne na gaskiya, tsarin ne ya koya musu shi. Kusa da shi akwai masu cewa an bar su a rataye. Wani ya taɓa tsayar da malamin ana tashi ya ce, "Malam, to a ƙarshe mece ce amsar?" Malamin ya ce shi ma yana nema. Ɗalibin bai ji daɗi ba, kuma ya rubuta haka: shi da tsakar dare za a kira shi, shi kaɗai, ba taron abokai, yana bukatar ya san me zai yi. Ina ganin yana da rabin gaskiya. Akwai abin da doka da ƙa'idar aiki suka riga suka yanke, kamar cewa ba a hana taimakon gaggawa, kuma barin ɗalibi ya fita yana zaton komai ra'ayi ne cutarwa ce. Daga baya malamin ya riƙa rufe kowane zama da ware abin da aka yanke daga abin da har yanzu ake saɓani a kansa.

Sai tsoron aƙida. Ɗaya ya rubuta cewa wanda ya saba tuhumar komai wata rana zai tuhumi abin da ba a tuhuma, kuma an sha gargaɗinsa cewa falsafa hanyar ɓata ce. Wannan ya taso a fili ma a wani zama. Malamin ya kawo Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, likita ne, masanin falsafa ne, kuma littafinsa Bidayatul Mujtahid har yau ana karanta shi a garuruwanmu. Mai tsoron ya ce ai Imam Gazali ya rubuta littafi sukutum yana rushe 'yan falsafa. Aka ce haka ne, amma shi Gazalin ya riƙe mantiƙi ya ce ana bukatarsa. Abin da ya fi sanyaya zaman daga ɗalibin zauren nan ya fito: ya tuna musu cewa mai Ahalari, littafin tsarki da salla da yawancinsu suka fara da shi a Islamiyya, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙen koyon mantiƙi, kuma a ciki ya kawo saɓanin malamai, ya ce Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce a koya, maganar da ta fi inganci kuwa ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya riƙe Alƙur'ani da Sunna. Mai tsoron bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya ci gaba da zuwa. Ni dai na lura tsoronsa ba ya tasowa sai an fara magana a sama, kan mene ne alheri da mene ne gaskiya. In ana kan yarinyar da tsohon, yana cikin masu zafin baki.

Ƙorafin da ya fi yawa daga mata ya zo, kuma shi ne wanda malamin bai hango ba. An ce kowa ya yi magana, amma mutum uku-huɗu ne ke cinye zaman, duk maza, duk masu saurin Turanci. Wata ta rubuta cewa tun tana ƙarama ake koya mata kada ta katse namiji, kada ta musa wa babba, yanzu an ce ta yi duka biyun a gaban malaminta wanda zai sa mata hannu a takardar kammalawa. In malamin ya nuna inda ya karkata, ko da gyaɗa kai ne, shi ke nan zance ya mutu. Abin mamaki, su ɗin da suka gano yarinyar ba ta iya magana a gaban surukinta ba, ba su lura irin haka na faruwa a bencinsu ba. Da aka koma yin muhawarar da Hausa bakuna da yawa sun buɗe, amma sai 'yan kaɗan ɗin da ba Hausawa ba suka koma 'yan kallo. Wata Kirista a cikinsu ta rubuta cewa in aka shiga ƙa'idojin fiƙihu ba ta da abin kamawa, ko da yake ta ce ta koyi abin da za ta gaya wa irin wannan tsoho in a Arewa aka tura ta aiki.

Malamin ya gyara abin da zai iya. Ya raba su uku-uku kafin a haɗu gaba ɗaya. Ya sa kowa ya rubuta matsayinsa a takarda kafin wani ya buɗe baki, don kada a bi na farko. Ya riƙa ba mutum ɓangaren da bai yarda da shi ba ya ce ya kare, wanda hakan ya ba masu kunya mafaka, tunda ba ra'ayinsu ba ne, aiki aka ba su. Shi kuma ya koma magana a ƙarshe. Bayan haka ne aka yi zama mafi daidaito, kan saurayi da budurwa da gwajin jini ya nuna duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila, alhali kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, uban yarinyar kuma ya zo yana neman a gaya masa sakamako. Tun da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 irin wannan tambaya ta zama ta yau da kullum a wannan yanki.

Akwai ƙorafi guda da gyaran benci bai taɓa shi ba. Wani ya rubuta cewa ranar da suka yi muhawara mafi daɗi, yarinyar tana kwance a asibiti da ɗinki a ciki, an binne ɗanta da safe, su kuwa suna ta kawo hujja suna jin kansu masu basira. Ya ce ya ji ƙyamar kansa. Ya ƙara da cewa a gindin darbejiyar ƙofar asibiti aka yi zaman, masu wucewa suna ji, kuma a gari irin wannan ba sai an faɗi suna ba kowa ya san gidan da ake nufi. Na biyun an gyara, aka koma ɗakin ajiyar kati aka rufe ƙofa. Na farkon kuwa yana nan. Lamarin da ya taɓa su shi ne ya sa suka yi tunani, na Pfizer da bai taɓa su ba bai sa ba, kuma babu yadda za a sami wannan amfani ba tare da an yi darasi da baƙin cikin wani ba. Abin da za a iya nema shi ne a yi shi da ladabi, a kuma sami abin da zai koma wa masu baƙin cikin.

A zaman ƙarshe aka gayyaci ungozomar. Ta saurare su, sannan ta ce, "'Ya'yana, ni abin da nake yi, tun a awon farko nake sa a kira min mijin kafin ya yi tafiya. In ce masa in dare ya yi ba ka nan, wa zai ce a tafi? Ya faɗa a gaban shaida. Ita kuma in tambaye ta ita kaɗai." Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa awo ba, shi ya sa. Ɗalibai suka rabu a kan wannan ma. Ɗaya ya ce ga shi nan, Inna ba ta karanta falsafa ba ta warware abin da suka kwana suna juyawa. Ɗalibar da ta durƙusa bakin gadon ta ce da a makon farko Inna ta faɗi haka, da sun rubuta shi cikin jerin abubuwan awo sun wuce, ba su san me ya sa ake tambayar mace ita kaɗai ba.

A rahoton da malamin ya shirya wa sashensu ya nemi a sa zaman cikin jadawali a kuma ba shi maki. Ya karanta musu kafin su hau mota. Masu ƙorafin jarrabawa suka ce haka ya kamata tun farko. Waɗanda suka fi son zaman su ne suka ƙi, suka ce ranar da aka sa maki kowa zai koma lalubo abin da Malam ke son ji. Malamin ya ce ba magana zai auna ba, rubutu zai nema, shafi biyu, mutum ya kawo hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da ya ƙi sannan ya amsa ta. Ɗan ƙauyen ya tambaya da wane harshe za a rubuta. Malamin ya ce jami'a Turanci take karɓa, shi kuma ɗalibin ya ce to masu cinye zaman nan su ne za su cinye makin.